Kunya Ko Rai?

A ƙasar Amurka, idan mutum ya ji mummunan rauni nesa da asibiti, a kan aika da jirgin sama mai saukar ungulu ya ɗauko shi. Galibi mutum uku ke ciki, watau matuƙi da ma'aikatan jinya biyu. Aikin na gaggawa ne, sau da yawa cikin dare, ga gajiya, ga fargaba. A shekarar 2008 kaɗai mutum 29 suka halaka a hatsarin irin waɗannan jirage.

To, a ce hazo ya sauko, matuƙi ya ce a tashi, amma ƙaramin ma'aikaci ya ga alamar tafiyar ba ta yiwuwa. Shin ya yi shiru don ladabi, ko kuwa ya buɗe baki?

Masu jiragen fasinja sun riga sun sami amsa da tsada. Ran 27 ga Maris, 1977, manyan jirage biyu suka yi karo cikin hazo a filin jirgin tsibirin Tenerif na ƙasar Sifen, mutum 583 suka mutu. Injiniyan ɗayan jirgin ya tambaya ko wancan ya kauce daga hanya. Kyaftin ya amsa masa da ƙarfi cewa ya kauce, shi kuwa bai sāke magana ba. Daga baya aka shiga koya wa ma'aikatan jirage cewa wajibi ne ƙarami ya faɗi abin da ya gani, babba kuma ya saurara.

Masu ɗaukar majinyata ma sun ɗauki wannan darasi. Da yawansu suna bin ka'ida guda: sai duka ukun sun yarda za a tashi, amma mutum ɗaya ya isa ya hana. Waɗansu ma ba su gaya wa matuƙi ko wane ne majinyacin, don kada tausayi ya rufe masa ido ya ƙi duban sama. Gama sauri ya kan haifi nawa, jirgin da ya faɗi kuwa ba ya ceton kowa.

Kunya ado ce, amma shirun da ya jawo asarar rai ba ladabi ba ne, cin amana ne. Laifin kuma har da babban da ya sa na ƙasa da shi tsoron magana. Gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba.