Filin Jama'a, Wa Ke Da Ikon Sayar Da Shi?

Kowane gari a ƙasar Hausa, babba ko ƙarami, yana da waɗansu wurare waɗanda ba mutumin da zai bugi ƙirji ya ce nasa ne. Akwai filin idi, da maƙabarta, da dandali, da kududdufin da ruwan sama ke taruwa a ciki. Akwai burtali da makiyaya, akwai kuma gandun daji wanda hukuma ta keɓe ta hana sara. Nan ƙasar Gaya da Ajingi ma haka abin ya ke, kamar dajin Dudduru da kowa ya sani. To, abin da za mu duba shi ne wannan: in mai mulki ya ga dama, yana da ikon yanka irin wannan wuri ya sayar wa mai kuɗi, ya gina kantuna ko ya kewaye ya yi gona? In kuwa talakawa suka tashi suka ce ba su yarda ba, daidai suka yi, ko kuwa rashin kunya suka yi wa na gaba?

Da farko sai mu san amfanin abin da a ke magana a kansa, gama mutane da yawa in sun ga fili ba gini ba shuka sai su ce banza ya ke zaune. Wanda ya faɗi haka bai tambayi matar da ke shiga daji tana samo itacen girki da ganyen kuka da ɗorawa ba. Bai tambayi mai magani ba, wanda saiwa da sassaƙe su ne jarinsa. Bai kuma tambayi Bafillatani ba, wanda da rani ya ke dogara ga gawo, icen da ke fid da ganye sa'ad da sauran itatuwa suka kaɗe nasu. Itatuwan nan su ke tare iska, su riƙe ƙasa kada ruwa ya kwashe ta. Kududdufi kuwa shi ke shanye ruwan da zai shiga gidajen mutane. Attajiri yana iya sayen gawayi da harawa. Talaka shi ne dajin ke ci da shi, shi ne kuma zai fara jin jiki ran da aka rasa shi.

Yanzu sai mu koma kan maganar iko. A ce za ka yi tafiya mai nisa, ka damƙa wa maƙwabcinka rumbun hatsinka ka ce ya lura da shi. Rumbun yana hannunsa, shi ke hana ɓarawo da gara, amma kowa ya san ba shi da ikon ɗiba ya kai kasuwa. Riƙo daban, mallaka daban. Haka matsayin hukuma ya ke game da filin jama'a. Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta sa ƙasar kowace jiha a hannun Gwamna, amma ta bayyana cewa riƙon amana ne, domin amfanin jama'a duka.

Wannan kuwa ba baƙon abu ba ne a gare mu. Tun kafin zuwan Turawa kakanninmu sun san hurumi, watau wurin da a ke ware wa gari, ba mai noma shi, ba mai gina shi. Halifa Umaru ya keɓe makiyaya a Rabaza, kusa da Madina, ya kuma umurci mai tsaronta ya sassauta wa masu 'yan dabbobi kaɗan fiye da masu manyan garkuna. Shehu Abdullahi ɗan Fodiyo ya rubuta littafi musamman a kan hukuncin ƙasa, mai suna Ta'alimur Radi. A 1965 kuma Gwamnatin Jihar Arewa ta yi dokar keɓe makiyaya. Ashe dai al'ada da shari'a da dokar zamani duk bakinsu ɗaya.

Amma kada mu yi wa masu son sayarwa rashin adalci, su ma suna da tasu hujja. Suna cewa jama'a ta yi yawa, gonar da uba ya noma shi kaɗai yau 'ya'ya goma ke rabonta. Suna cewa samari suna zaune ba aiki, in an gina kasuwa ko masana'anta za su sami abin yi. Suna kuma cewa hukuma tana bukatar kuɗin hanya da magani. Duk wannan gaskiya ne, ba kuwa mai hankalin da zai ce kada a taɓa kowane fili har abada. In gari ya taru ya yarda a ɗebi wani yanki a gina makaranta ko asibiti, filin bai bar hannun jama'a ba, aikinsa ne kawai ya sake.

Sayar wa mutum ɗaya kuwa wani abu ne daban, saboda dalili uku. Na ɗaya, abin da dā kowa ke shiga ya zama an sa masa ƙofa da kwaɗo. Na biyu, kuɗin da aka karɓa cikin shekara guda ya ke ƙarewa, fili kuwa ba a sāke haifarsa, tsamiyar da aka sare da hantsi ɗaya sai jikoki su ga madadinta. Na uku, shi ne mafi nauyi, masu filin ba mu kaɗai ba ne. Waɗanda suka riga mu sun bar mana shi, waɗanda ba a haifa ba kuma suna da rabo a ciki, ba kuwa yadda za a yi a tambaye su ko sun yarda. Wanda ya sayar da kayan maraya saboda maraya ba shi da bakin magana, kowa ya san sunan abin da ya yi.

Magabata sun ce maƙerin da ya fara zama a Dutsen Dala daga Gaya ya fito. Ya kamata mutanen Gaya su lura da abin da ke faruwa a birnin nan, domin abin da ya ci birni yau, gobe yana iya isowa ƙauye. A zamanin mulkin Gwamna Abdullahi Umar Ganduje, daga 2015 zuwa 2023, an yanka gefen filin idi na Ƙofar Mata an ba 'yan kasuwa, suka gina kantuna. Mutane da yawa suka yi ta gunaguni, amma gini bai tsaya ba. Da Gwamna Abba Kabir Yusuf ya hau a ƙarshen watan Mayu na 2023, cikin watan Yuni aka rushe kantunan. Masu su suka kai ƙara, Babbar Kotun Tarayya ta ce a biya su diyyar Naira biliyan 30, daga baya aka yi sulhu a kan biliyan 3. Mu bar maganar jam'iyya, mu dubi hasara. 'Yan kasuwa sun rasa jarinsu, diyyar kuwa daga baitulmali za ta fito, watau aljihun jama'ar da tun farko filin nasu ne. Da an tsaya an saurari mutane tun ba a haƙa harsashi ba, da duk ba a kai ga haka ba. Tun ran gini ran zane.

Ga kuma wani misali daga ƙasar Kenya, inda aka yi magana a kan kari. A 1989 aka shirya gina bene mai hawa 60 a cikin lambun shaƙatawa na Uhuru, a tsakiyar birnin Nairobi. Wata malama, Wangari Maathai, ta ce ba ta yarda ba. Ba ta ɗauki sanda ba, alƙalami ta ɗauka. Ta rubuta wa hukumomi da jaridu, ta je kotu aka kori ƙararta, aka yi mata ba'a har a majalisa, ba ta fasa ba. Da maganar ta bazu, masu ba da kuɗi na ƙasashen waje suka janye, aka bar aikin a 1990. A 2004 aka ba ta lambar girma ta Nobel.

To, mai yin irin wannan magana ya saɓa wa shugabanni ke nan? A'a. Gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. Wanda ya tuna wa mai riƙon amana amanarsa ya taimake shi ne, ya tsare shi daga jin kunya a duniya da tambaya a lahira. Sai dai magana tana da hanya. Zagi da jifa da ƙone-ƙone ɓata gaskiya su ke yi. In kun ga an soma kafa turaku a makiyaya ko filin gari, ku taru ku je wurin mai unguwa da dagaci da hakimi, ku tambaya cikin ladabi wa ya ba da izini, kuma don me. Ku rubuta takarda ga shugaban ƙaramar hukuma da wakilinku na majalisa, ku ajiye kwafinta. In duk ba a ji ba, ƙofar kotu a buɗe ta ke.

A nan ne ku da kuka yi yaƙi da jahilci kuka fi saura nauyi a wuya. Sau da yawa fili ya kan salwanta ta hanyar takardar da aka kawo wa dattawa suka dangwala yatsa ba su san abin da ke ciki ba. Kai da ka iya karatu, karanta musu kowane layi kafin kowa ya sa hannu.

Abu ɗaya ya rage, shi ne mu dubi kanmu. Ba manya kaɗai ke cin filin jama'a ba. Manomin da kowace damina ya ke ƙara kunya biyu cikin burtali, da mai shiga gandun daji da dare ya sari ɗanyen ice ya yi gawayi, su ma cin amana su ke yi, sai dai nasu loma loma ne. Daga toshe burtali a ke samun shanu cikin gona, daga nan sai faɗa, har wani lokaci a rasa rai. Wanda ya ke so a ji kukansa ran da babba ya zo ɗaukar gaba ɗaya, sai ya fara tsame nasa hannu.

Allah ya ba shugabanninmu ikon riƙon amana, mu kuma ya ba mu ƙarfin halin tuna musu, amin.