Muryar da Aka Rena a Majami'a, Ta Wane Ne?

A wannan wata ina so mu yi tunani tare a kan wata tambaya wadda ta kan dami iyaye da dattawan Ekklesiya. Ga tambayar: idan yaro ya koyi waƙa a majami'a, sa'an nan ya girma ya fita yana yi wa duniya waƙa, mun yi hasararsa ke nan? Domin kada mu yi ta magana a iska, bari in ba ku labarin wata budurwa ta ƙasar Amurka, mu auna tambayarmu da shi.

Sunanta Samara Joy. An haife ta cikin shekara ta 1999 a unguwar Bronx ta birnin Niyu Yok. Gidansu gidan waƙoƙin bishara ne. Kakanninta na wajen uba, Goldwire da Ruth McLendon, su ne shugabannin wata ƙungiyar mawaƙan bishara a birnin Filadalfiya, ana ce da ita Savettes. Ubanta kuwa ya yi yawon waƙa tare da Andraé Crouch, sanannen mawaƙin bishara. Ita ma tun tana yarinya ta yi waƙa a majami'a. Amma da ta shiga kwalejin Purchase ta jihar Niyu Yok, sai ta ba da ƙarfinta ga wani irin kiɗa da a ke kira jaz.

Mene ne jaz? Kiɗa ne na baƙaƙen mutanen Amurka, jikokin bayin da aka kwasa daga Afirka. Ya tsiro a birnin Niyu Olins wajen farkon ƙarni na 20, daga waƙoƙin aiki, da waƙoƙin baƙin ciki, da busar ƙaho, da kuma waƙoƙin majami'a masu bayarwa da amshi. Al'adarsa ita ce mawaƙi ya ɗauki waƙar da kowa ya sani, ya juya ta, ya ja nan, ya taƙaita can, har yadda ya rera ta yau ba haka za ya rera ta gobe ba.

Cikin 2019 Samara ta ci gasar waƙa da a ke yi domin tunawa da Sarah Vaughan. Cikin 2021 ta gama kwaleji, ta fitar da faifanta na fari. Na biyu, mai suna Linger Awhile, ya fito cikin 2022. A watan Fabrairu na 2023, tana da shekara 23, aka ba ta lambobin Grammy guda 2: ɗaya ta faifan jaz mafi kyau na masu murya, ɗaya kuma ta sabon mawaƙin da ya fi duka a shekarar. Ta sake samun lamba 1 cikin 2024, da 2 cikin 2025.

To, mai tsoron Allah za ya ce, "Wannan duka ɗaukakar duniya ce. Muryar da ta kamata ta yabi Ubangiji ta koma gidajen kallo." Kada mu yi saurin rena wannan magana, gama da gaskiya a cikinta. Hanyar jaz ta cinye mutane da yawa. Charlie Parker, gwanin busa, ya mutu cikin 1955 yana da shekara 34, giya da ƙwaya sun lalata jikinsa. Billie Holiday ta mutu cikin 1959 tana da shekara 44, ta irin wannan hanya. Aikin dare, da yawan tafiya, da tafin jama'a, ba ƙananan jarabobi ba ne. Saboda irin wannan ne Mahalia Jackson, babbar mawaƙiyar bishara, ta ƙi yin waƙoƙin duniya, ko da shi ke an yi mata tayin kuɗi. A ƙasarmu ma uba ya kan ji tsoro kada ɗansa ya zama maroƙi, mai yabon wanda ya biya shi ko da ƙarya ne.

Amma bari mu duba Littafi Mai Tsarki. Cikin 1 Sama'ila sura 16, saurayi Dauda ya kaɗa molo a gaban sarki Saul. Ba a wurin sujada ya yi kiɗan nan ba, a fāda ne, aikin hidimar sarki ne. Duk da haka sarki ya sami sauƙi, mugun ruhu ya rabu da shi. Cikin Markus sura 6 kuma, wata yarinya ta yi rawa a gaban sarki Hirudus da manyansa, ƙarshen rawan nan kuwa aka fille kan Yohanna Mai Baftisma. Ku lura: dukansu biyu matasa ne, dukansu masu gwaninta ne, dukansu a gaban sarki suka nuna gwaninta. Wuri iri ɗaya, amma amfanin dabam. Ashe ba wuri ne ya ke tsarkake baiwa ko ya ƙazantar da ita ba. Abin dubawa shi ne abin da baiwar ta ke yi wa mai ji, da abin da ta ke yi wa mai ita.

Tarihin kiɗan nan kansa ya nuna katangar ba ta kai tsawon da mu ke zato ba. Sarah Vaughan, wadda aka yi gasar da sunanta, a majami'ar Baftis ta birnin Newark ta fara waƙa. Thomas Dorsey, wanda a ke kira uban waƙoƙin bishara na Amurka, da fari makaɗin fiyano ne na waƙoƙin duniya; abin da ya koya can shi ya kawo cikin majami'a. Mahalia Jackson ma cikin 1958 ta yarda ta rera waƙar addu'a tare da makaɗan jaz na Duke Ellington. Ruwa ya gudana daga majami'a zuwa waje, ya kuma gudano daga waje zuwa ciki.

Idan haka ne, da wane mudu za mu auna? Ina ba da shawarar abu uku, mu kuma gwada su ga aikin Samara, ba ga zuciyarta ba, gama Allah kaɗai ya san zuciya.

Na fari, aminci cikin aiki. Bawan da aka tsauta wa cikin misalin talanti, Matta sura 25, ba wanda ya kai talantinsa kasuwa ba ne. Wanda ya binne nasa ne. Samara ba ta dogara ga zaƙin murya kaɗai ba. Ta yi shekarunta a kwaleji tana koyo. Mu tambayi kanmu ko mawaƙanmu su kan ba da ko rabin wannan himma kafin su tsaya gaban jama'a ran Lahadi.

Na biyu, girmama na gaba. Yawancin waƙoƙin faifanta na biyu sun girme ta nesa. Akwai wani mai busa, Fats Navarro, wanda ya mutu cikin 1950 yana da shekara 26. Samara ta ɗauki wata busarsa, ta koye ta daki daki, ta sa mata kalmomi, ta rera. Yarinya ta mai da wa matacce murya bayan shekara fiye da 70. Mai girmankai ba ya yin haka. Shi so ya ke a ce da shi aka fara.

Na uku, hanyar komowa gida. Cikin 2023 ta fitar da faifan Kirsimati, a ciki kuwa ta rera waƙar haihuwar Almasihu tare da danginta. Suna bai raba ta da gida ba.

Ban ce kowane ɗan Ekklesiya ya tafi ya zama mawaƙin jaz ba, ban kuwa ce hatsari ya ƙare ba. Budurwar nan tana farkon tafiya, gaba kuwa ta fi baya yawa. Waƙa kuma ba kamar ƙofar da kafinta ya ke sassaƙawa ba ce. Ita ta kan shiga zuciya, domin haka alhakin mawaƙi ya fi nauyi. Abin da na ke cewa ke nan: mai noman gero ba ya cewa ya yi hasara don an ci hatsinsa a wani gari, in dai hatsin mai kyau ne. Hasara ta gaskiya iri biyu ce: ko muryar ta koma bautar ƙarya da kuɗi, ko kuwa mu da kanmu mu rufe ƙofa, har yaron ya ga ba shi da wurin komowa.

Domin wannan, 'yan'uwa, idan Allah ya ba wani yaro murya a cikinmu, kada mu binne ta don tsoro. Mu koya masa gwaninta, mu koya masa gaskiya tare da ita, mu riƙa yi masa addu'a, mu bar ƙofa a buɗe. Ubangiji ya ba mu hikima.