Harshe ya ɗaure, hankalin fa?

A 1861, a asibitin Bicêtre da ke gefen Faris, likita Paul Broca ya duba wani majinyaci, Leborgne, wanda ya shekara 21 babu abin da ke fita bakinsa sai "tan", in ban da ashar idan ransa ya ɓaci. Amma yana gane magana, yana amsawa da hannu. Da ya mutu aka duba ƙwaƙwalwarsa, aka tarar da lahani a gabanta ta ɓangaren hagu.

Kusan ɗaya cikin uku na waɗanda shanyewar ɓarin jiki ta kama suna samun irin wannan ɗaurewar harshe. A gidajenmu abin kan zo da ban mamaki: dattijo ya kasa cewa "ruwa", ya kasa kiran sunan uwargidansa, amma a ja masa bakin Fatiha sai ya kai ta ƙarshe tiryan-tiryan. Wasu su ce karama ce, wasu su ce iska ce ta shafe shi. Tun a ƙarni na 19 likitan Ingila Hughlings Jackson ya bambanta maganar da mutum ke ƙirƙira da wadda ta zauna a baki saboda maimaici, irin su gaisuwa, ƙirga, addu'a da zagi, wadda sau da yawa takan tsira. Wannan bayani bai rage wa Fatiha daraja ba. Ya dai nuna abin da shekara sittin na salla ke dasawa a ƙwaƙwalwa.

Tambayar da ta fi nauyi ita ce: wanda ya rasa kalma, ya rasa tunani ne? Malaman fiƙihu sun daɗe da raba gardama. Sun rataya taklifi a kan hankali, ba a kan furuci ba. Bebe yana salla da niyyarsa da abin da ya iya, kuma ishararsa, matuƙar ana gane ta, tana ƙulla ciniki da aure. Sai dai a nan akwai wurin taka tsantsan, domin a 1874 Carl Wernicke ya bayyana wani nau'in ciwon da magana ke zuba ba ma'ana, fahimta kuma ta raunana. Gyaɗa kan irin wannan majinyaci ba lallai ya zama yarda ba, balle a raba dukiyarsa a kai.

Abin da ya tsira a bakin majinyaci shi masu gyaran magana ke kamawa. A 1973 masana a Boston suka fito da dabarar rera gajeriyar jimla ana ƙwanƙwasa hannun hagu daidai da kowace gaɓa, a hankali a janye rerawar. Gabrielle Giffords, 'yar majalisar Amurka da aka harba a kai a Tucson a 2011, da waƙa ta fara dawo da kalmominta. A 2013 ta yi jawabi gaban kwamitin majalisar dattawa, gajere, da ƙyar, amma da bakinta.

Aikin da ake bai wa iyali ya fi kowane wuya ga mai tausayi: a yi tambayar "e" ko "a'a", a daina magana a kan majinyacin kamar ba ya wurin, kuma idan Baba ya tsaya yana laluben kalma, kada a yi caraf a ƙarasa masa.