Wanda ba a gaggauta wa likkafani

Ranar Juma'a, 11 ga Fabrairun 2011, ɗalibai 13 da malamansu biyu suka shiga wani dogon kwalekwale a mashigin tekun Prasto da ke ƙasar Denmak. Iska ta taso, jirgin ya kife da su cikin ruwan da sanyinsa ya kai digiri 2.

Ruwa irin wannan ba ya bai wa mutum lokaci. A minti na farko numfashi yake ƙwacewa, nan da 'yan mintoci yatsu sun sandare, ko igiya aka jefa masa ba zai iya damƙa ba. Wasu yaran sun yi iyo sun kai gaɓa. Bakwai kuwa ko da aka tsamo su zuciyarsu ta tsaya, jiki ya yi sanyi ƙalau. Zafin jikin mai lafiya digiri 37 ne. Nasu ya faɗi zuwa tsakanin 15 da 20.

To, gawa ce aka tsamo ko mai rai?

Likitoci ba su rufe su da mayafi ba. Sun jona su da na'urar da ke janye jini daga jiki, ta ɗumama shi, ta cusa masa iskar shaƙa, ta mayar. Duka bakwai ɗin zuciyarsu ta sake bugawa, ko da yake wasunsu sun daɗe suna jinya. Malami ɗaya ne ya rasu, sai bayan makonni aka ga gawarsa.

Sanyin da ya kayar da su shi ya yi musu garkuwa. Ƙwaƙwalwar da ta yi sanyi, kaɗan take buƙata na iska, don haka tana jure tsayawar jini fiye da mai ɗumi. Masu ceto kan ɗauki irin wannan mutum a kwance, kamar ƙwai a cokali, ba sa murza masa hannu ko ƙafa. Likitocin ƙasashen ƙanƙara kuma ba sa sanar da mutuwarsa sai jikin ya ɗumama kuma zuciyar ta ƙi tashi.

Malaman fiƙihu sun riga su yin wannan taka-tsantsan. Sunna ita ce a gaggauta jana'iza, amma Muhtasar na Shehu Halil, wanda ake karantawa a zaurukan Kano da Damagaram, ya keɓe wanda ruwa ya ci. Ibn Rushd, alƙali kuma likitan Kurɗuba da ya rasu a 1198, ya kawo dalilin a Bidayatul Mujtahid: wataƙila ran yana nan, ruwa ne ya ɓoye alamunsa. Ba su da ma'aunin zafi, amma sun bambanta fitar rai da ɓacewar alamar rai. Ta farko sirrin Ubangiji ce, ta biyu kuwa iyakar ganin mai duba ce. Yaran Prasto ba daga lahira aka dawo da su ba; ajalinsu ne bai yi ba, ko a ce suna da sauran shan ruwa.

Kafin su akwai Anna Bagenholm, matashiyar likita 'yar Suwidin da ta faɗa ƙarƙashin ƙanƙara kusa da Narvik a Norwe cikin Mayun 1999. Ta yi minti 80 a ruwa, jikinta ya sauka zuwa digiri 13.7. Asibitin Tromso ne ya ɗumama jininta, kuma a nan ta koma aiki daga baya, tana duba hotunan marasa lafiya.