ADDU'A AIKIN WA CE?

Ɗan'uwa, ga tambaya. Mai noma, mai mata da 'ya'ya, shi ma ya kamata ya keɓe lokacin addu'a? Ko kuwa aikin fasto ne kaɗai?

A ƙasar Italiya, a zamanin Faransis na Asisi, waɗansu magidanta suka so su bi tafarkinsa, amma ba dama su bar iyali. A shekara ta 1221 aka rubuta musu ƙa'ida. Wanda bai iya karatu ba, sai ya maimaita Addu'ar Ubangiji a lokatai bakwai na yini da dare. Har yau akwai wannan ƙungiya cikin 'yan Katolika. Bisa ga ƙa'idarsu ta 1978, sai an koyar da mutum shekara guda ko fiye kafin ya ɗauki alkawari.

Wani zai ce, ai maimaitawa aikin baki ne. Da gaskiyarsa, gama Yesu ya gargaɗe mu a kan yawan surutu cikin addu'a. Yawan addu'a kuma ba ya sayen ceto; kyautar Allah ce ta wurin Almasihu. Amma Daniyel, da dukan aikin sarauta a wuyansa, sau uku yake durƙusawa kowace rana. Mai shayar da garka ba ya jiran sai ran da ya ji marmari.

Ashe sa lokaci ba laifi ba ne, in zuciya tana ciki. Maigida, kafin a fita gona, tara iyalinka. Wanda ya iya karatu ya karanta aya, ku yi addu'a da bakinku. 'Ya'yanka suna kallo. In ba su gani a wurinka ba, a wurin wa za su koya?