Idon Jariri da Tambayar Ƙaddara

A Kafanchan, kamar a Kagoro da Zonkwa, idan aka haifi jariri fatar idonsa ɗaya a rufe, ƙwayar ta karkace gefe da ƙasa, tambayar da ake fara yi ita ce: laifin wa? Wasu su ce kambun baka ne, wasu su zargi kishiya. Kaka kuma ta rufe zancen da cewa, "Haka Allah ya yi shi."

Likitan ido da tocila yake fara bincikensa. Yakan haska baƙin ɗigon da ke tsakiyar idon ya ga ko zai tsuke. Jijiya ta uku cikin goma sha biyun da ke fitowa daga ƙwaƙwalwa ita ce ke ɗaga fatar ido, tana juya huɗu daga cikin tsokoki shida na ƙwayar, tana kuma tsuke wannan ɗigo. In ta samu rauni, ɗigon kan tsaya a buɗe. A wasu yaran da aka haifa da matsalar kuwa, ya fi na ɗaya idon ƙanƙanta, domin jijiyar ta sake tsirowa ta bi hanyar da ba tata ba.

Addinan garin biyu sun riga sun amsa batun laifi. A babi na 9 na Linjilar Yohanna, Yesu ya ƙi ɗora makantar wani mutum a kan zunubinsa ko na iyayensa. A Musulunci, an saukar da Suratu Abasa a kan makaho Abdullahi ɗan Ummu Maktum, wanda ya zama ladanin Madina, kuma Annabi (SAW) ya umarci mutane da neman magani.

Yarda da ƙaddara tana kwantar da hankalin uwa, tana kare ta daga gori. Matsalar tana tasowa ne idan aka mai da ita dalilin zama. Idon da ya daɗe a rufe, ƙwaƙwalwa takan daina amfani da shi, kuma bayan shekara bakwai zuwa takwas gyaran yakan yi wuya. Kafin nan, tiyatar ɗaga fatar, tabarau, da rufe lafiyayyen idon na wasu sa'o'i kullum suna iya ceto ganin.

Cibiyar Kula da Ido ta Ƙasa tana Kaduna, asibitin ido na ECWA yana Kano tun 1943. Limami ko fasto da aka kawo wa irin wannan jariri ranar suna, zai iya yi masa addu'a, sannan ya tambayi mahaifin ranar da za su hau mota zuwa Kaduna.