Ƙaddara Ce Ko Sakaci?

Duk sa'ad da mota ta kife a hanyar Kano zuwa Zariya, mukan ce, "Tsautsayi ba ya wuce ranarsa." Haka ne, amma wannan maganar ta'aziyya ce. Direban da ya san birkinsa ba ya ci, tayarsa ta suɗe har zare ya fito, ya kuma cika mota da fasinja, shin ƙaddara kaɗai za mu ɗora wa?

Shi ya sa doka ta ce a riƙa duba lafiyar mota a kai a kai. Dubawa ba ta hana gudun ganganci, amma tana kama ruɓaɓɓen birki tun bai kashe kowa ba. Jami'in da ya sa hannu a takarda bai ko leƙa motar ba, shaidar zur ya yi. To, mu fa da muke gani a tasha, mu shiga mu yi gum don muna sauri?

Da aka kafa Hukumar Kiyaye Haɗurra a 1988, marubuci aka ba shugabancinta, Wole Soyinka. Mu kuwa a littattafanmu, da haɗari muke kawar da wanda ya tare wa labari hanya, ba ma tambayar wa ya duba motar.